Jinin Wa Ka Aiko Min?

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Yaya Inna da ƙafar tata? Yaya kasuwa?

Na koma rubuta maka wasiƙa ne saboda a waya ka fi ƙarfina. Da na ambaci jini sai ka ce ga mai sayen nama ya zo, ka kashe. Wannan kam sai ka karanta. Abokinka Yaya Dogo zan ba, tunda duk Alhamis yana shigowa gari da motar namanku, kuma shi ba ya mance saƙo kamar wasu.

Shekara uku ke nan da rasuwar Kawu, ka kuma san abin da ya ɗauke shi. Ciwon dajin hanta ne, ba a gano ba sai da ya ci ƙarfinsa, kuma ƙwayar ciwon hanta nau'in B ce ta jawo. Inna tana da ita, ni ma ina da ita, tun ina jaririya na ɗauka. Inna tana shan ƙwayar maganinta kullum da safe, duk wata shida a yi mata hoton ciki, ga ta nan garau tana yi mana faɗa. Kai kaɗai ka rage ba a duba ba.

Mu a ɗakin bincikenmu ba ma tsayawa a kan akwai ko babu. Ƙwayar nan gida-gida ce, sun kai gida goma, kowane da harafinsa. Kowace ƙwaya tana ɗauke da rubutunta, haruffa wajen dubu uku da ɗari biyu, injinmu kuma karantawa yake yi ɗaya bayan ɗaya. Wani gidan ya fi wani saurin kai mutum ga daji. A cikin gida ɗaya ma, akwai wadda kan canza harafi biyu a wani wuri ta ƙara mugunta. So nake in san wacce ce a jikinka, idan akwai.

Ka kai takardar da na haɗa da wannan ƙaramin asibitin da ke bayan kasuwa. 'Yar kwalba ɗaya za su ɗiba, su aiko min a akwatin ƙanƙara. Haba Yaya, mutumin da ke kayar da sa shi kaɗai, a ce allura ce ta gagare shi? Wallahi da kunya.

Ka gaishe min da kowa. Allah ya ƙara kasuwa.

Taka,
Auta

*

Zuwa ga Auta mai leƙen jinin mutane,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya ƙalau. Inna ta ce in tambaye ki ko a can ba a cin abinci ne, hoton da kika aiko duk ƙashin wuya.

To, sai ki zuba ruwa a ƙasa ki sha. An ɗebi jinin nan tun ranar Litinin, yana hanya. Ko gezau ba a yi ba. Ita kanta mai allurar sai da ta ce ta daɗe ba ta ga namiji mai dakiya irin wannan ba. Dogo ne ya raka ni, ki tambaye shi in kina musu.

Amma ke ma dai da neman magana kike. Ni za ki koya wa hanta? Shekara ashirin da biyu ina ɗaga ta da hannuna kowace safiya. Mai lafiya sumul take, janta ya ciza, tana sheƙi, in kika danna ta dawo. Mara lafiya kuwa tun daga ƙofar ɗakin sanyi nake gane ta. Tawa ina jin ta a jikina, irin ta farkon ce. Ina cin abinci kwano biyu, ina ɗaukar cinyar sa a kafaɗa, wane ciwo kuma?

Wai gida goma. Ashe su ma ƙwayoyin cutar dangi gare su kamar mu. To in kin karanta tawa, ki duba min ko akwai surutu a danginsu, in san inda kika gado.

Labarin gida. Mun sa sabon sikeli mai lamba, tsofaffin masu saye sun ƙi yarda da shi, sai na ɗora naman a tsohon kuma kafin su ɗauka. Babban yarona ya ce shi ma aikinki zai yi in ya girma, na ce Allah ya kiyaye, mai leƙe ɗaya ta ishe mu a gida.

Ki ci abinci. Allah ya yi miki albarka.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka karanta wannan kai kaɗai, ka kuma karanta har ƙarshe kafin ka yi magana da kowa.

Sakamako ya fito jiya da hantsi. Akwai ƙwayar a jinin, kuma tana da yawa sosai. Da na buɗe rubutunta a kwamfuta sai ga abin da nake gudu. Harafi biyun nan da na gaya maka sun canza, ga kuma wani guntu da ya ɓace a wani wurin. Irin wannan ce muke cewa a gaggauta yi wa mai ita hoton hanta, ko da yana jin kansa lafiya lau. Na shiga ɗakin ajiye kaya, na zauna a kan kwali, na yi kuka har na gode Allah. Kawu kawai nake gani.

Da na wanke fuskata na dawo, sai na jera ta kusa da ta Inna da tawa, da ta Kawu da na adana. Namu ukun kusan abu ɗaya ne, bambancin bai wuce harafi uku ko huɗu ba, don daga wuri ɗaya muka samo. Wannan kuwa ta saɓa da tamu a wurare fiye da ɗari biyu da hamsin. Ba 'yar gidanmu ba ce sam. Na ce to, yana yiwuwa a wani wuri ka ɗauka, hakan na faruwa.

Sai na janyo takardar da asibitin suka haɗo da kwalbar. Sunanka ne, shekarunka ne. Tsawo: mita ɗaya da santimita casa'in da biyu.

Yaya, yaushe ka ƙara tsawo? Kai da kake taka benci in za ka rataye nama a ƙugiyar sama?

Ban san ko dariya zan yi ko ihu ba. Jinin wa ka aiko min? Ina da wanda nake zargi, yanzu haka yana bakin ƙofarmu a jikin mota yana jiran in gama rubutun nan, amma ba zan tayar wa bawan Allah hankali a kan zato ba. Ka daina wasa. Ko wane ne mai jinin nan, lokaci yana ƙure masa, kuma bai sani ba.

Ka ba ni amsa da motar farko.

Auta

*

Ƙanwata,

Salamu alaikum. Ban san ta inda zan fara ba. Na karanta wasiƙarki a tsaye a bayan rumfa, sai da na nemi wuri na zauna.

Na Dogo ne.

Ki ji yadda aka yi, sannan ki zage ni. Mun je tare kamar yadda na ce, a nan ban yi ƙarya ba. Muna zaune a benci sai aka fito da wani yana danne auduga a hannu. Auta, da na ga jan nan a jikin audugar, ɗakin ya fara juyawa. Jinin sa in yi wanka da shi ba komai, amma na mutum, ballantana nawa, ƙafafuna ba sa ɗaukata. Gumi ya wanke ni. Aka kira sunana sau biyu na yi zuru. Dogo ya dube ni, ya girgiza kai, ya karɓi takardar daga hannuna, ya miƙe ya ce, "Ga ni."

Haka muke da shi tun muna 'yan makaranta. In malam ya kira wanda ya fasa taga, shi ke tashi. Ranar da zan fara zuwa gaban iyayen matata, shi ya yi maganar ni ina kallon takalmina. Ni kuma duk abin da ya shafi ciniki da surutu nawa ne, shi ko tayin kaza bai iya ba. Ban ɗauki wannan wani abu daban ba. Na ce jini ai jini ne, ki duba ki ga ba komai, ki shafa min lafiya. Ina na san ƙwayar cuta tana da dangin da za su tona min asiri?

Da ya fito har tsiya na yi masa, na saya masa lemo. Yau ga shi can yana wanke mota yana fito, ni na kasa haɗa ido da shi. 'Ya'yansa mata uku, Auta. Ƙaramar ba ta daɗe da fara tafiya ba.

Ki gaya min abin da zan yi, wallahi ko mene ne zan yi. Na ba direban bas wannan, ban iya ba shi ya kawo ba.

Yayanki mai kunya

*

Yaya,

Ina amsa sallamarka. Zagin yana nan na ajiye maka, ba zai lalace ba. Na ba shugabar ɗakinmu labari don dole a gyara suna a takarda, ta cire tabarau ta yi dariya har da buga tebur, sannan ta ce a kawo mutumin nan cikin makon nan. Ta yi magana da likitar hanta, an ba shi ranar Alhamis ƙarfe goma.

Kai za ka fara gaya masa, don kai ka sa shi a ciki. Kada ka ce masa yana da daji, ba mu sani ba. Ka ce yana ɗauke da ƙwayar, irin tasa kuma tana cikin waɗanda ba a yi musu sakaci. Da yawa masu irinta ba su da komai a hanta, amma sai an leƙa ake sani. Matarsa da yaran su ma za a gwada su, wanda ba ya da ita a yi masa rigakafi.

Kada ya ci komai da safen. Kai kuma ka ci, na san dalili.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Na gaya masa, kuma na sha wuya.

Na bari sai da muka gama sauke kaya, na ja shi ɗakin sanyi na rufe ƙofa. Na yi ta kewaye-kewaye har ya ce in bashi nake so in faɗa, sanyi yake ji. Da na faɗa, sai ya yi dariya. Ya ce shi ko ciwon kai rabonsa da shi tun bara, ya ɗaga cinyar bijimi da hannu ɗaya ya nuna min. Ya ce, "Ka gaya wa Auta na gode, amma injinta ya yi kuskure." Kin san shi, in ya ce a'a sau ɗaya ya gama magana.

Kwana biyu ina binsa, ya share ni. Ranar Talata sai Allah ya kawo mafita. Kin san dokar rumfarmu tun zamanin Baba, ba a sayar da hanta sai an tsaga ta an duba ciki. Na ɗauko wata a cikin kayan safe, kyakkyawa, tana sheƙi, irin wadda na cika miki baki a kanta. Na kira shi na ce, "Dogo, wannan fa?" Ya ce lafiyayya ce. Na sa wuƙa na tsaga. Ga wani farin ƙulli a can ciki kamar ƙwayar gyaɗa. Wallahi ban san yana nan ba, da niyyar misali kawai na ɗauko, na shirya tsaga goma in ta kama.

Ya daɗe yana kallo. Na ce masa bijimin nan jiya da ƙafarsa ya hau mota, yana ture mutane. Ya juya ya fita. Can bayan azahar ya dawo ya tsaya a kaina ya ce, "Zan je. Amma sai an fara ɗibar naka, a gabana, ina kallo."

Kin ji mugu. Na ce na yarda.

Ban san wanda ya kai wa Inna labari ba, ina zargin matata. Ta zo har rumfa da sandarta, ta wanke ni tas a gaban masu saye, ta ce ita da ta haife ni ba ta aika maƙwabciya ta yi mata naƙuda ba. Yanzu duk layin mahauta, in za a yi wa wani aski sai a ce a kira Dogo ya zauna masa.

Sai mun zo ranar Alhamis. Ki ce musu su nemo ƙaramar allura.

Yayanki

*

Zuwa ga Malama Auta,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ni ba gwanin rubutu ba ne, ki yi haƙuri da abin da kika gani.

Na farko, na gode. Mun iso gida lafiya. Yayanki ya farfaɗo sosai, sai dai ƙulun da ya yi a goshi da ya faɗo daga kujera. A hanya ya gaya wa masu shingen bincike cewa sa ne ya tunkuye shi. Ban ƙaryata shi ba.

Na biyu, mai ɗakina da yara an gwada su. Ita da manyan biyu ba su da ƙwayar, an fara musu rigakafi. Ƙaramar ma ba ta da ita, dama an yi mata tun haihuwa. Da na ji haka na yi sujada a tsakar ɗaki.

Na uku shi ne dalilin wasiƙar. Kin ji abin da likita ta ce, an ga ƙulli ɗaya a hoton, hoto na biyu ya tabbatar, za a tura ni babban asibiti a yanke shi. A gabanta na ce to. Akwai tambayar da ban yi ba saboda yayanki yana wurin, idonsa ya riga ya kawo ruwa, in na yi zai sake faɗuwa. Ke kin karanta abin da ke cikin jinina harafi da harafi. Ki gaya min gaskiya kamar yadda za ki gaya wa ɗan'uwanki. An zo a kan lokaci, ko an makara? Ina da abubuwan da zan shirya wa yara in an makara, ba na son a ɓoye min.

Kuma don Allah ki sassauta masa. Ni na karɓi takardar, bai roƙe ni ba.

Na gode. Allah ya saka da alheri.

Dogo

*

Yaya Dogo,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Anti da 'yan matana uku. Ka daina ce min Malama, kai da ka sha goya ni zuwa makaranta.

Ka tambaye ni gaskiya, ga ta. Ƙullin ɗaya ne, bai kai santimita biyu ba, yana gefe inda wuƙa za ta kai, sauran hantar kuma da ƙarfinta. Irin wannan ne likitoci suke murna in sun kama. Na Kawu da aka gani ya kai girman lemo, kuma ba ɗaya ba ne. Naka ba haka yake ba. Alkawarin rai ba nawa ba ne, aiki kuma aiki ne, amma da ka tambaye ni ko an makara, amsata a'a. Na tambayi likitar da bakina, ta ce da shekara ɗaya aka ƙara da wata maganar ake yi.

Haruffan da na karanta ba su ce ga abin da zai same ka ba. Sun dai ce a duba mutumin nan da sauri, an kuma duba. Maganin da aka fara ba ka zai danne ƙwayar, kada ka tsallake ko rana ɗaya. Bayan aikin, duk 'yan watanni za ka riƙa zuwa hoto, wannan kuma har tsufa.

Ga albishir ka kai wa abokinka, don in na rubuta masa kansa zai ƙara girma. Nasa ya fito. Yana da ita, irin ta gidanmu ce sak, ba ta da canjin nan, ba ta da yawa, hantarsa kuma lafiya. Amma duk wata shida sai an ɗebi jini. Ka gaya masa a hankali, yana zaune, a kusa da katifa.

Na so in bi ku, ba a ba ni hutu ba. Zuciyata tana wurinku. Allah ya sa a yi a sa'a, ya tashi kafaɗunka.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Sallama. Wayarki a kashe, na san kina ɗakin inji, ga direban bas zai tashi, shi ya sa rubutun ya karkace.

An shiga da Dogo ƙarfe takwas na safe, an fito da shi bayan azahar. Awa biyar na auna barandar nan da ƙafa, har mai shara ta ce in ɗaga mata wuri. Likitan ya fito ya ce sun cire ƙullin duka, gefensa tsaf, bai taɓa ko'ina ba. Na rungume shi, Auta, mutumin da ban sani ba, da hular aikinsa da komai.

Da la'asar aka bar ni na shiga. Yana kwance ƙafafunsa sun wuce gadon. Ya buɗe ido da ƙyar, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Wai ni aka yanka ko kai? Dubi yadda ka yi fari."

Na fita bayan motoci na yi kuka kamar yaro, ban ji kunyar kowa ba.

Yana nan da ransa, ƙanwata. Abokina yana nan. Allah ya yi miki albarka.

Yayanki